Katin Likita Ya Fi Ƙarfin Wutata

Masu karatu, ku gyara zama. Yau asirin kaina zan tona da bakina, kuma duk wadda ta yi mini dariya, Allah ya kawo mata nata Likitan.

Ni ce auta a gidanmu. Shekarata ashirin da bakwai, kuma a ganin Ummata na yi shekara bakwai ina cin abincin da ba rabona ba. Sana'ata zanen cikin gida a kwamfuta, wani kamfanin kafintoci nake yi wa. Mutum zai kawo awon falonsa, ni kuma in zana masa shi da kujeru da labule da fitilu, ya gan shi tamkar hoto tun kafin a buga ƙusa ɗaya. Kwamfutata tana kusurwar ɗakina, tsakanin madubi da kwandon wanki, kuma da hannuna na haɗa ta guntu-guntu. Wannan kowa ya sani a gida.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, akwai wani guruf na masu gyaran kwamfuta da masu koyo, mutum sama da ɗari huɗu, irin guruf ɗin nan da ba ya nuna lambar waya sai sunan da mutum ya laƙaba wa kansa. A can sunana Baba Injiniya. Da farko da sunan mace na shiga, amma duk amsar da na bayar sai a ce, "'Yar'uwa kina da aure?" Sai na fita, na dawo da hoton wata tsohuwar sukudireba da sunan dattijo. Tun daga ranar ko tari na yi sai a ce, "Gaskiya ne Baba." Su a zatonsu wani tsoho ne mai furfura da zafin baki. Zafin bakin dai gaskiya ne.

Shi ne ma ya kore mini manema uku. Na farko ya ce wayarsa tana da ƙwaƙwalwa terabait dubu, na ce ya kawo mu gani. Na biyu na gyara masa lissafi a gaban abokinsa. Na uku ban ce komai ba, kallo kawai na yi masa, amma Umma ta ce kallon ya fi zagi.

To sai ga Goggo, yayar Abbana, ta kawo Likita. Likitan haƙori ne, ɗan wata ƙawarta. Kuma bari in faɗa muku gaskiya tunda ba ya cikin masu karatu: ya kwanta mini. Dogo ne, idan yana dariya har kafaɗunsa rawa suke yi, ga sauraro. Aibinsa ɗaya, idan kina magana ba idonki yake kallo ba, haƙoranki yake kallo.

Ranar da zai fara zuwa Umma ta kira ni ɗakinta ta rufe ƙofa.

"Auta, ki dube ni da kyau. Wannan karon ko cewa ya yi rana daga yamma take fitowa, me za ki ce?"

"In ce haka ne."

"Idan ya ce kaza tana da ƙafa huɗu fa?"

"Haba Umma..."

"Me za ki ce?"

"In ce har na taɓa gani."

"Yawwa. Na huɗu ba zai fita ta ƙofar da uku suka fita ba."

Wata biyu ina riƙe da bakina kamar mai azumin magana. Kuskurena ɗaya: wata rana muna hira na yi masa ƙorafi cewa kwamfutata ta tsufa, hoto ɗaya idan na sa ta fitar sai in wanke kwanuka in share falo in dawo ba ta gama ba. Ya ce me ke jawo haka? Na ce wai an ce katin girafik ne ya yi ƙarami. Ku lura da "wai an ce" ɗin nan. Katin girafik, ga wadda ba ta sani ba, shi ne abin da yake zana duk abin da ido yake gani a fuskar kwamfuta. Likita ya gyaɗa kai kawai, ni kuma na manta da zancen.

Ranar Alhamis da rana ina kwance ina duba guruf, sai ga wani sabon shiga mai suna Mai Neman Sani ya turo hoton wani ƙaton kati mai fanka uku.

"Salam manyanmu. Na sayi wannan zan sa a kwamfutar wani nawa. Yaya ake ɗaurawa?"

Na rubuta, "Ɗana, kafin ɗaurawa, pawar kwamfutar wat nawa ce?"

"Mece ce pawa kuma Baba? Ai akwai wuta a gidan."

Na tashi zaune. Na yi masa bayani cewa pawa wani akwatin ƙarfe ne a cikin kwamfuta, shi yake karɓar wutar bango ya raba wa kowane sashe, kuma kowace pawa tana da iyakar abin da za ta iya bayarwa. Wannan katin nasa shi kaɗai yana shan wat ɗari uku da wani abu, kwalinsa ma ya rubuta a nemi pawa mai ɗari bakwai da hamsin. Ya je ya karanta takardar da ke manne a jikin pawar tukuna, ya kuma ƙirga filogin da take da su.

Ya dawo ya ce, "Mai shagon ya ce ba matsala, ya ma ba ni adafta kyauta."

Nan fa Baba Injiniya ya motsa. "Ɗana, ba a gayyatar raƙumi shan ruwa sai an leƙa randa. Adaftar nan kuwa ka ba yara su yi tsallen igiya da ita, ya fi mata amfani."

Guruf ya kwashe da dariya. Fuskokin dariya har guda sittin na ƙirga. Ni kuma na juya na yi barcina cikin jin daɗi.

Asabar da yamma Likita ya zo. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan duwatsu a wuya, da gyale mai ruwan hoda, na fesa turaren da Umma take ɓoyewa a bayan akwati. Goggo tun azahar ta iso, wai wucewa ta zo yi, da jakarta da carbinta da maganin ƙafarta. Ya shigo cikin fararen kaya masu kaifin guga, rungume da wani ƙaton abu a naɗe da takarda mai ƙyalli.

Goggo ta zunguri Umma. Ni ma na ji raɗarta: "Wannan girman, ai saitin sarƙa ne har da awarwaro."

"Buɗe mana," in ji shi, yana murmushi.

Na yage takardar. Jama'a, fanka uku ne suka zuba mini ido. Katin nan ne. Shi ɗin dai, har da ɗan karcen da na gani a gefen kwalin a hoto.

Na ƙaƙalo murmushi. Na ce, "Kai... masha Allah."

"Mene ne wannan?" in ji Goggo, murya a sanyaye.

"Maganin ciwon kwamfutarta ne, Goggo. Kuma da hannuna zan sa. Kwana biyu ina kallon bidiyon yadda ake yi."

Umma ta harare ni, harara mai cewa tashi ki ɗauko. Na kinkimo kwamfutar zuwa falo na ɗora a teburin tsakiya bayan an kwashe lemo da biskit, Goggo ta biyo ni da kibod a tafin hannu kamar mai kai wa baƙo faranti. A cikin kwamfutar nan akwai aikin mako uku, zanen zauren wani otel da zan miƙa ranar Litinin, kuma kwafin ƙarshe da na ajiye a waje na makon jiya ne. Ni da nake zagin mutane a guruf kan rashin ajiye kwafi. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Likita ya zaro safar hannu ta asibiti daga aljihu ya sa, ya kwance murfin gefe, ya leƙa ciki ya ce, "To, buɗe baki mu gani." Umma ta yi dariya har da tafi. Yana ta aiki yana hira.

"Kun san duniya akwai 'yan baƙin ciki? Na shiga wani guruf na yi tambaya cikin ladabi, wani tsoho ya wanke ni tas a gaban jama'a. Bari ku ji."

Ya ciro waya ya karanta musu, tun daga raƙumi har tsallen igiya, yana kwaikwayon muryar tsoho mai karkarwa.

"Hassada ce!" in ji Goggo. "Ya ga ba zai iya saye ba."

"Irinsu ba su da aikin yi," in ji Umma. "Ka tarar matarsa ma ta gudu saboda bakinsa."

Goggo ta ɗaga hannu sama. "Allah ya raba mu da tsufan banza, ya sa bakin nan nasa ya zame masa abin kunya. Auta ba ki ce amin ba."

"Amin," na ce, da muryar da ni kaina ban gane ta ba.

Ya zare tsohon katina ya zura sabon. Wannan kam ya yi daidai, hannunsa ya saba da aiki a wuri matsattse. Sai aka zo wajen wuta. Katin yana da baki biyu, kowanne rami takwas. Pawata kuwa filogi ɗaya take da shi na wannan aikin, mai haƙori shida. Ya juya shi, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa.

"Wannan giɓi gare shi," ya ce. "Amma ba komai, ga haƙoran roba." Ya zaro adaftar nan, 'yar siririya kamar igiyar takalmi.

Na kasa daurewa. "Likita, anya kuwa ba za a fara duba..."

Wani mintsini ya sauka a cinyata. Umma ko kallona ba ta yi ba, murmushi take yi wa baƙo.

"A duba me?" ya tambaya.

"A duba... ko lemonka ya huce."

Ya jona komai, ya danna. Kwamfuta ta tashi, fankoki uku suka juya, katin ya kunna wasu fitilu masu canza launi. Goggo ta ce, "Ikon Allah! Ina tsohon yake ya zo ya gani?" Ni dai na san abin da na sani: kati ba ya nuna cinsa sai an ɗora masa kaya.

"Buɗe aikin nan mai nauyi," in ji Likita. "Wanda kike wanke kwanuka."

Na dubi Umma. Umma ta dube ni. Na yi bisimilla a zuci, na buɗe zauren otel, na danna fitar da hoto.

Fankoki suka ɗauki kuka kamar jirgi zai tashi. Hoton ya fara fitowa da wani irin gudu da ban taɓa gani ba, fitilun rufi, kujeru, darduma, wallahi har zuciyata ta fara cewa ko dai Allah zai rufa asiri. Sai ɗif. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi, fankoki suka tsaya. Wani ɗan siririn hayaƙi ya taso, da warin ƙonanniyar roba.

"Wa ya bar abu a kan wuta?" Umma ta zabura ta yi kicin.

Ni kuwa ban san lokacin da na tsallake tebur da doguwar riga na fizge filogi daga bango ba.

Likita ya tsaya da hannaye a sama cikin safa, gumi yana bin gefen fuskarsa. Ya daɗe yana kallon hayaƙin. Sannan ya ce a hankali, "Tsohon nan ya yi gaskiya. Bari in kira shi in ba shi haƙuri, ko zai faɗa mana abin yi."

"A'a!" na ce. "Wato... ƙila yana hutawa. Tsoho ne."

Ina! Ya riga ya danna kira ta cikin guruf ɗin.

Wata waya ta fara ruri a falon. Daga ƙarƙashin Goggo.

Goggo ta karkata, ta laluba, ta zaro wayata daga bayan matashin kujera inda na jefa ta. Ta nisanta ta da ido, ta matso da ita. "Ban zo da tabarau ba. Ɗana, duba mata wa ke kira." Ta miƙa wa Likita.

Ya duba. Ya katse kiran a tasa wayar, tawa ta yi shiru. Ya sake kira, tawa ta sake ɗauka. Ya ɗago kai, kuma a karo na farko tunda na san shi, ba haƙorana ya kalla ba.

"Baba?" ya ce.

Umma tana tsaye a ƙofar kicin da murfin tukunya a hannu.

Ƙasa ba ta tsage ba, don haka na ga tunda tulu ya riga ya fashe, gara in ceci ruwan da ya rage. Na naɗe hannun riga na ce, "Ba ni sukudirebar."

Na zare adaftar, bakinta ya narke ya yi baƙi. Na haska masa takardar jikin pawa da fitilar waya.

"Karanta nan."

"Ɗari huɗu da hamsin."

"Katinka yana shan ɗari uku da ashirin. Ƙwaƙwalwar kwamfutar tana shan ɗari da ashirin da biyar idan aiki ya yi zafi. Bod, wato allon da komai yake jone a kansa, da fankoki da ma'ajiya, ka ba su sittin. Nawa ke nan?"

"Ya haura ɗari biyar," ya ce, kamar ɗan aji uku.

"Kuma ba a cika wa pawa kaya har wuya, sai an bar mata sarari, don kati yakan yi zarin wuta farat ɗaya. Ita kuma adafta ba ta ƙara wuta, tatsa kawai take yi daga wayoyin da ba a yi su don wannan nauyin ba. Shi ya sa ta narke. Mun yi sa'a pawar ta kashe kanta da kanta."

Na cire katinsa, na duba shi ta ko'ina, lafiyarsa ƙalau. Na mayar da tsohona, na jona, na danna. Ta tashi. Zauren otel yana nan, ko kujera ɗaya ba ta ɓace ba. Na sauke wata ajiyar zuciya da ta kusa ɗaga labule.

Abba, wanda duk wannan abin yana ɗakinsa, ya leƙo da jarida a hannu ya shinshina iska. Ya dube ni da sukudireba, ya dubi Likita da safa.

"Dama na yi mamakin shirun wata biyun nan," ya ce, ya koma ciki.

Likita ya cire safarsa, ya mayar da katin kwali, ya yi wa su Umma sallama cikin ladabi. Ni kuma ya ce mini, "Sai anjima," ya fita. Ko lemonsa bai ƙarasa ba.

Ƙofa tana rufuwa Umma ta zube a kujera. "Na huɗu ke nan. Shi ke nan, ki auri kwamfutar, in ya so fanka ta yi miki fifita."

Goggo kuwa abin da ya dame ta daban. "Yanzu ni na ɗaga hannu na yi wa 'yar ƙanena mugun baki, kina zaune kika ce amin? Wace irin yarinya ce ke?"

Ban yi dariya ba. Na kwashi kwamfutata na koma ɗaki, na buɗe guruf na sake karanta abin da na rubuta ranar Alhamis. A da ina ganin gwaninta ce. Yanzu kuwa abin da na gani mutum ne da ya ji na yi ƙorafi sau ɗaya tak, ya riƙe a ransa, ya shiga cikin mutum ɗari huɗu ya yi tambayar da ya san za ta nuna bai sani ba, ni kuma na mai da shi abin dariya. Gaskiya na faɗa masa, amma da na faɗa da daɗin baki da ƙila ya je ya duba pawar.

Lahadi ba kira ba saƙo. Na rubuta masa "Ka yi haƙuri" na goge. Na rubuta "Ya gajiya" na goge. Umma ko gaisuwata da hanci take amsawa. Can da la'asar na shiga guruf na rubuta a gaban kowa:

"Mai Neman Sani, ɗana, tambaya ba laifi ba ce. Na ba ka amsa mai kyau a cikin mummunan kwano. Ka yafe wa tsoho."

Nan take aka fara: "An sace wa Baba waya ne?" "Baba lafiya kuwa?" "A kai Baba asibiti." Shi dai ya karanta, na ga alama, amma bai ce komai ba.

Litinin na miƙa aikin otel, aka yaba, ban ji daɗin komai ba. Na dawo gida wajen ƙarfe huɗu, ina cire takalmi wayata ta yi ƙara. Saƙo ne na sirri zuwa ga Baba Injiniya. Hoton wata pawa mai ruwan zinare, an rubuta wat dubu da ɗari biyu da manyan baƙaƙe, babu sunan kamfani ko ɗaya.

"Baba, wannan fa? Ɗazu na gan ta a shago."

Na zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Ka ɗaga ta? Yaya nauyinta?"

"Kamar kwalin biskit."

"To lambar jikinta ƙarya ce. Kar ka saya."

"Ban saya ba. Na koyi hankali. Baba, ina da wata tambayar, amma ba ta wuta ba ce."

"Ina ji."

"Akwai wata yarinya da nake so. Wata biyu tana ce mini haka ne, haka ne, har na fara tsoron ko ba ta da ra'ayi. Shekaranjiya na ga ta tsallake tebur ta karɓe sukudireba a hannuna, na koma gida na kasa cin abinci. Ba don fushi ba. Kunya ce, da wani abu kuma. Yaya zan yi ta daina ce mini haka ne?"

Masu karatu, na kifa fuskata a filo na yi wani ihu marar sauti. Sannan na gyara zama na rubuta da dattako, "Ka tambaye ta da kanta."

"To ta fito. Ina ƙofar gida, shagon ƙarfe shida yake rufewa, kuma ba zan ƙara sayen ko waya ɗaya ba sai tana wurin."

Na faɗa ɗakin Umma da waya a hannu. Ta karanta sau biyu, ta cire tabarau, ta ce, "Sa shuɗin gyalen, ya fi karɓarki. Kuma don Allah..." Ta ɗan yi tunani. "Ke dai yi yadda kika ga dama. Ni na daina gane zamanin nan."

Na fito ina gyara gyale, ina ta tsara abin da zan fara faɗa. Motarsa tana bakin ƙofa, yana tsaye a jikinta yana sosa ƙeya, murmushin nasa duk a karkace.

"Akwai abin da ban faɗa a saƙo ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na ba da labarin a gida."

Gilashin gaba ya sauka a hankali. Wata dattijuwa ce a zaune, tabarau a kan karan hanci, jaka a cinya, hannaye biyu a kan jakar. Kamar da take yi da Likita ta isa ta gaya mini mahaifiyarsa ce. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta. Ta dube ni daga gyale har takalmi, ba ta yi gaggawa ba.

"Ke ce Baban?"

"Ni ce, Mama."

"Shiga baya," ta ce. "Shagon da nisa, ni ma kuma ina da nawa tambayoyin."